Sawun Gwiwa a Gulbin Mayahi

Tun ranar da aka sauke jar motar nan daga bayan babbar mota a ƙofar mangazar Alhaji Danda, ɗakin ajiyar kayansa, masu hankali a Mayahi suka ce ba za a wanye lafiya da ita ba. Mota ce ƙirar Italiya, kujera biyu tak, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, shi ya sa 'yan kabu-kabu suka laƙaba mata Ƙadangaruwa. Alhaji ya sayo ta hannu na biyu a Kwatano don kawai ta shiga ransa. Ya ɗan zagaya da ita a kan kwalta, ya ga garin rairayi ba nata ba ne, ya lulluɓe ta ya rufe mangaza. Da Allah ya yi masa rasuwa, Ƙadangaruwa ta zama ƙashi a wuyan magada.

Gidaɗo mai bin sawu ba ya gari ranar da ta ɓata. Yana can arewacin Kanan-Bakashe yana bin sawun raƙumar wani Buzu da ta ɓace. Da ya dawo gida ya tarar da matarsa Zara'u zaune a tsakar gida, tukunya a kan murhu babu wuta.

"Sun kama Rayyanu," in ji ta. "Wai ya saci motar Alhaji. Tun kwanaki yana hannun jandarma, ina ta nemanka a waya ba ta shiga."

Gidaɗo bai ko zauna ba. Rayyanu ne ɗansa na fari, shi kaɗai ne a gidan ya ƙi sanda ya zaɓi sifana. Yana gyaran motoci a wani garaji a Mayahi, kuma tun Alhaji na da rai shi aka ba mabuɗin mangaza, yana zuwa ran Jumma'a ya tada injin motar don kada ya kwanta. Gidaɗo ya sha gaya masa ya mayar da mabuɗin nan. Mabuɗin mai kuɗi, in ji shi, wuta ne a aljihun talaka.

Ya sha ruwa a tsaye, ya tare kabu-kabu.

*

Ajidan Abdurrahamane, shugaban jandarman da ke riƙe da maganar, mutum ne mai sanyin baki. Ya san Gidaɗo, don sun sha aiki tare a kan satar shanu.

"Malam Gidaɗo, ba ni da daɗin wannan abu," in ji shi. "Amma duba. Kwaɗon mangaza ba a fasa shi ba. Mabuɗi na hannun ɗanka. Na Alhaji kuwa magada sun ce tun rasuwa ba wanda ya gan shi. Jibi sai in miƙa shi gaban alƙali, daga can ka san gidan kaso ne. In kana da abin yi, yi shi yanzu."

Aka fito da Rayyanu. Ya rame, rigarsa ta aiki duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, idonsa a ƙasa.

"Dube ni," in ji Gidaɗo. "Kai ne?"

"Wallahi Baba ba ni ba ne."

"To, ni ban san mota ba, raƙumi na sani. Gaya mini yadda wagga aba take tahiya."

Rayyanu ya share fuska. "Ba ta tahiya cikin rairayi, Baba. Da ta sauka kwalta cikinta zai zauna. Ko tudun ɗan yatsa ta hau sai ta kurje. Kuma in an tada ta, ƙararta har kasuwa ana ji."

"Wani ya ji ta ranar?"

"Ba wanda ya ji."

"Kenan ɗaukar ta aka yi."

"Haka kowa ke cewa. An ga babbar motar Gajere dillali a unguwar."

Gidaɗo ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya sake duban ɗansa. Ya lura da yadda muryar Rayyanu ta yi laushi da yana kwatanta motar, kamar mai maganar budurwa, kuma abin bai yi masa daɗi ba.

*

Mangazar tana gefen gari, bayanta gonaki. Kaka ce, an gama yankan gero, an buɗe wa makiyaya gonaki su ci kara su bar taki kamar yadda aka saba. Gidaɗo ya tsaya ya dubi ƙasa. Garke bayan garke sun bi ta wurin, ga 'yan kallo da suka yi ta sintiri. Ƙasar ta zama kamar an daka ta a turmi. Abin da kawai ya rage a fili shi ne sawun tayoyin babbar mota a bakin kwalta. Sai ya bi su.

Sun kai shi har Tasawa, wurin Gajere dillalin motoci, wanda ya same shi a ƙarƙashin rumfa yana cin gyaɗa, ƙafafunsa ba su kai ƙasa daga kan benci ba.

"Ni?" Gajere ya fashe da dariya har ya ƙware. "Baba Gidaɗo, ɓarawo ma yana da lissafi. Wa zai saci abin da ba mai saye? Wake na je ɗauka, tambayi masu awo."

"An ce ka taya ta."

"Na taya, don Hajiya Kubra ta roƙe ni. Ita ce babbar ɗiyar Alhaji, tana son a sayar a raba gado, ƙannenta ƙanana su samu na makaranta. Na faɗi abin da zan iya. Sai ƙanenta Muddassir ya taso mini kamar na zagi uwarsa. Wai irin wagga mota an daina ƙera ta, wai Turawa na tara su kamar zinariya, in an yi haƙuri kuɗinta sai ya ninka. Yana ta cusa mini waya a ido." Ya tofar da ɓawon gyaɗa. "Na ce masa, ɗan Alhaji, can ƙasar sanyi kenan. Nan taya na tsagewa a tsaye. In ƙusa ɗaya ta lalace sai an aika ƙetaren teku. Mota ba gona ba ce, ba saniya ba ce, ba ta haihuwa. Kullum rana ta faɗi, da kuɗinta take faɗuwa."

Gidaɗo ya zagaya babbar motar. Bayanta duk ƙwayar wake, ba katakon hawa, ba sarƙa. Ya tuna ma cewa sawun da ya biyo bai yi nauyi ba sai bayan rumfar masu awo. Da ya natsu tun da safe da ya gani. Tsoro ne ya rufe masa ido, ya ɓata yini guda yana bin wake.

Ya hau kabu-kabu ya koma. Jibi ta zama gobe.

*

Da sassafe ya je gidan marigayin. Hajiya Kubra ta karɓe shi a zaure, mace mai kaifin harshe, carbi a hannu.

"Malam Gidaɗo, ni ban ce ɗanka ɓarawo ba ne. Amma motar nan ta hana mu sakat. Malamai sun ce ba a rabon gado sai an yi wa kowane abu kuɗi. An yi wa gonaki, an yi wa shanu, an yi wa gidaje. Ita kaɗai ta tsaya mana a maƙogwaro. Dattawa sun yanke a sayar wa Gajere, kwana kaɗan sai ta ɓace."

Muddassir ya shigo ana cikin haka, saurayi dogo, mai shagon wayoyi a bakin tasha. Idanunsa sun yi ja kamar wanda ba ya barci.

"Ki faɗa masa gaskiya, Yaya," in ji shi. "Ke da Gajere kun ƙosa. Wa ya sani ko tana Maraɗi yanzu ana canza mata fenti?"

"Ji mini ɗan banza! Ni zan saci kayan ubana?"

"Kun so ku ba da ita kuɗin akuya. *Pièce de collection* ce, abin adanawa na masu tara kayan tarihi, ba ku gane ba. Ko kilomita ɗaya aka ƙara a kan agogon lissafin tahiyarta, daraja ce ta ragu. Shi ya sa Baba bai yawo da ita. Shi ya san abin da ya saya."

"Baba ya saya don ta burge shi, kai ma ka sani."

Gidaɗo ya dube su duka biyun. "Kai ɗan Alhaji, kana ganin Rayyanu ne?"

Muddassir ya kau da kai. "Ni ban ce ba. Za su sake shi, ai ba su da shaida."

"Gobe za a kai shi gaban alƙali."

Saurayin ya ce yana da masu jira a shago.

*

Gidaɗo ya koma mangaza, amma wannan karon bai dubi kwalta ba. Ya ce a ransa, ba a tada ta ba, ba a ɗauke ta ba, to saura ja. Ya zagaya baya, ya bar inda garke ya tattake, ya yi ta faɗaɗa da'ira yana tafiya a sunkuye har bayansa ya ƙage. Rana ta yi tsaka, ya ƙi neman inuwa.

A gangaren gulbi, busasshen kwarin da ya ratsa bayan gari, inda sarƙaƙiyar ƙaya ta hana shanu bi, ya same shi. Layi biyu masu faɗi fiye da tayar amalanke, masu santsi kamar an ja tabarma. A tsakaninsu kofatan bajimai biyu, sun nutse ta gaba irin na dabbar da ke jan nauyi. Ɗaya yana da ɓalgataccen kofato a ƙafar hagu ta baya.

Ya bi su sannu. Sai ya fara ganin abin da bai taɓa gani ba a duk shekarunsa na bin ɓarayi. An tsince duwatsun hanya an tara su gefe. Inda ƙasa ta yi ɗan tudu, an baje ta da hannu. Kuma a kowane tudu, gefen layin taya, ga shaidar gwiwoyi biyu da tafin hannu, ga wani lotsawa inda kunci ya kusa taɓa rairayi. Wani ya yi ta durƙusawa yana leƙen cikin motar, kada ya kurje.

Ɓarawo sauri yake yi. Ɓarawo ba ya durƙusa wa kayan sata. Wanda ya yi wannan aiki son motar yake.

Gidaɗo ya zauna daɓas a rairayi. Mutum biyu ya sani a Mayahi da za su yi wa ƙarfe irin wannan ladabi, kuma ɗayansu shi ya haife shi. Ya tuna muryar Rayyanu a ofishin jandarma. Ya tuna yadda yake goge motar da tsohon rawaninsa. In ya ci gaba da bin sawun nan, wataƙila da ƙafarsa zai kai ɗansa kaso. In ya juya, ba wanda ya san ya gani. Ya daɗe yana juya carbi ba tare da ya san abin da yake ja ba, sa'an nan ya tashi ya ci gaba.

A ƙetaren gulbin, ƙarƙashin wata gawo, sawu ya nuna mutumin ya zauna ya cire takalmi don ya zazzage rairayi. Ya taka ƙasa da ƙafa tsirara sau ɗaya. Gidaɗo ya durƙusa a kan sawun, shi ma da gwiwa biyu. Siririyar ƙafa ce, diddige sumul ba faso, yatsu a matse irin na wanda ya girma cikin rufaffen takalmi. Ƙafar Rayyanu kuwa ya san ta tun tana cika tafin hannunsa: faffaɗa, babban yatsan dama a karkace tun da jaki ya taka shi.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙarfi, shi kaɗai a daji. Sai ya ji ƙishirwa ta taso masa gaba ɗaya.

Sawun ya ƙare a gonar marigayi Alhaji Danda ta hanyar Gidan Amumune. Bajiman noman gidan suna ɗaure a turke, ɗaya na ɗingisa ƙafar hagu. Kusa da rumbunan da aka cika da sabon gero akwai wani dogon tari na kara da harawa, an kewaye shi da zana. Gidaɗo ya ɗaga zanar kaɗan. Ja ya haska masa ido. Wani wari kuma ya bugi hancinsa, warin da duk manomi ya sani. Ya sa hannu ƙarƙashin tarin ya jawo wani abu, ya dube shi, ya jefa a aljihu.

Ya san ganin motar kaɗai ba zai fid da ɗansa ba. Za a iya cewa Rayyanu ne ya haɗa baki da mai kula da gonar. Sawun ƙafa kuwa, iska ɗaya ta ishe shi.

*

Bayan la'asar Ajidan ya tara su a zauren marigayin, bisa roƙon Gidaɗo. Ga Hajiya Kubra, ga Muddassir, ga limamin da ke rabon gadon, ga Gajere da aka kira daga Tasawa yana ta ƙorafin kuɗin mai. Aka zo da Rayyanu da ankwa a hannu aka zaunar da shi a bakin ƙofa.

"To, Malam Gidaɗo, muna jinka," in ji Ajidan.

"Ranka ya daɗe, ba a tuƙa motar nan ba, ba a ɗauke ta ba. Shanu suka ja ta."

Gajere ya tuntsire. "Ƙadangaruwa ta koma amalanke! Na gaya muku ƙarshenta kenan."

"Wanda ya ja ta," Gidaɗo ya ci gaba, "ya ƙi tada inji don kada a ji, kuma don kada lissafin tahiyarta ya ƙaru. Ya tsince mata duwatsu. Ya yi ta rarrafe gefenta kamar uwa da mai koyon tahiya. Ba sayar da ita ya so yi ba."

Hajiya Kubra ta daina jan carbi. Muddassir ya ƙura wa tabarma ido.

"Ka gan ta?" in ji Ajidan.

Gidaɗo ya matso gaba. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye abin a tsakiyar tabarma. Guntun jar fata ce mai laushi, da ɗinkin farin zare a gefe, an ɓalgace ta da ƙananan haƙora. Manne da ita akwai soso da 'yan guntayen waya masu launi, an cukuikuye su sun zama sheƙa.

Liman ya sunkuya. "Wannan ai aikin ɓera ne."

"Kujerar ce," Rayyanu ya faɗa a hankali daga bakin ƙofa. "Wayoyin kuma na bayan sitiyari ne."

Muddassir ya zabura tsaye, hularsa ta faɗi. "Ƙarya ne! Na ce masa ya zuba magani kewaye da ita! Har kuɗin maganin na ba shi, na ce ya ja tarin nesa da rumbu..."

Ya tsaya.

"Wa ka ce wa, ɗan Alhaji?" Ajidan ya tambaya a hankali.

Muddassir ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. Ya ɗauki guntun fatar yana shafawa da yatsa. Da ya yi magana, da yayarsa yake yi.

"Mabuɗin na cikin aljihun rigar da Baba ya sa ranar ƙarshe. Na sa mai kula da gona ya taya ni da bajimai, na ce in ɓoye ta har a gama rabo, in ta yi kuɗi in fito da ita kowa ya samu. Yaya, da kun sayar, bayan shekaru sai kun yi kuka. Wallahi ba don kaina ba ne." Muryarsa ta karye. "Ranar da ya kawo ta, ni ya ɗauka. Ni kaɗai. Har Tasawa muka je muka dawo."

"Ka kai mota gindin rumbu da kaka," in ji Hajiya Kubra. "Ɗan gidan manoma. Inna lillahi." Amma hawaye ne a idonta.

Gidaɗo ya juyo kan Muddassir. Ya yi niyyar yin shiru, ya kasa.

"Ɗan Alhaji, na ga inda ka durƙusa. Na ƙirga har na gaji. Kowane tudu ka duba kada ƙarfe ya ji ciwo. Ga ɗana can, kun yi wasan ƙasa tare. Sau nawa ka je ka leƙa shi?"

Muddassir bai ɗago ba. Ajidan ya yi wa jandarman da ke bakin ƙofa alama, aka kwance Rayyanu.

*

Washegari bajiman nan biyu suka sake jawo Ƙadangaruwa cikin gari, rabin Mayahi na biye da ita. Wannan karon ba wanda ya tsince mata dutse. Da aka buɗe ƙofa, ɓeraye suka yi ta tsalle suna fita, yara na ihu. Kujeru sun zama tsumma. Aka murɗa mabuɗi, ko tari ba ta yi ba.

Gajere ya zagaya ta, ya leƙa, ya ce ya janye tayinsa, ko kyauta sai ya yi shawara. Amma kafin ya tafi an gan shi a bayan mangaza yana ɗaukar hotonta ta kowane gefe yana aika wa wani, kuma ya tambayi liman sau biyu yaushe za a sake zama.

Hajiya Kubra ta roƙi a bar maganar ƙanenta a cikin gida, ta zo da kanta har gidan Gidaɗo ta ba Zara'u haƙuri. Zara'u ta karɓi gaisuwar, ta ƙi karɓar turmin zanen da ta kawo mata.

Da maraice Gidaɗo na zaune a ƙofar gida, Rayyanu ya zo ya tsuguna gefensa, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Baba, wayoyin nan fa, in an samu haƙuri, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ce in na yarda..."

"Mabuɗin fa?"

"Ta ce in riƙe."

Gidaɗo ya dubi karkataccen yatsan ƙafar ɗansa, ya dubi hanya. Ya tashi ya shiga gida, ya fito, ya sake zama.

Har yau Ƙadangaruwa na cikin mangaza a lulluɓe, kuma ba a rufe rabon gadon Alhaji Danda ba. Muddassir na nan a kan bakansa cewa ko a haka wata rana za a zo nemanta daga ƙetare. Gajere na cewa ƙarfen awo ce. Ba wanda ya san wa Gajere ya aika wa hotunan, kuma ba wanda ya san, da ɓera bai shiga ba, ko kuɗinta hawa zai yi ko sauka.